Kwamfutar Nasidi da Turaren Hajiya Tasalla

Nasidi taubashina ne, babansa wan mahaifiyata ne, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun ranar da aka haife ni. Injiniya ne a wani kamfanin gas a nan Doha, cikin waɗanda ake ɗauka a jirgi mai saukar ungulu a kai su tsakiyar teku su yi makonni kafin a dawo da su. A can gida Kaduna, in aka ambaci sunansa sai ka ga tsofaffi suna gyara zama. A zatonsu mutum ne mai cikakken hankali. Ni da nake tasowa daga unguwar Mesaimeer duk Juma'a in je gidansa a Al-Sadd cin shinkafa, na san daidai inda hankalin ya tsaya.

A ƙofar ɗaki na biyu ya tsaya. Gidan ɗaki biyu ne da falo, a unguwar da hayarta take sa magidanci ya riƙa magana shi kaɗai a kan titi, amma Nasidi ya ware ɗaki sukutum ya ba wasu tsofaffin kwamfutoci 'yan Japan da ake kira MSX. Ba irin kwamfutar da aka sani yanzu ba ce. Wani faffaɗan akwati ne mai madannai a jikinsa, a jona shi da talabijin mai ƙusumbi, a cusa masa kaset ko faifai, ya yi ta gurnani, can sai wasu 'yan halittu masu kusurwa su fito suna tsalle a kan allo. An daina ƙera su tun kafin a haifi matarsa Barira. Esin ɗakin ba ya mutuwa, rani da hunturu, ko mai gidan yana teku. Barira ta taɓa ce mini ita da ta zo amarya ba a yi mata wannan gatan ba.

Rashin sa'ar Barira shi ne Allah ya kawo mijinta ƙasar da ta dace da ciwonsa. A da can Larabawan yankin nan sun sayi irin waɗannan kwamfutoci da yawa, waɗanda aka sa wa haruffan Larabci, yaransu suka yi wasa da su suka girma suka manta, aka tura su sito. Nasidi kuwa ya samu ɗan leƙen asiri, wani Masahudu ɗan zangon Kumasi da ke tuƙa motar kwasar kaya in mutane za su tashi daga gida. Da zarar an buɗe wani tsohon sito sai waya ta yi ƙara.

"Masa oga, na samu wani tsoho kwamfuta a Nu'aija, mai gida ya ce khalas, an gama da shi, a zubar. Yalla maza ka zo kafin a kai kasuwar gwanjo ta Haraj."

Ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye. Zai dawo da ƙura har gira, rungume da abin da masu shi suka biya kuɗi a raba su da shi, yana murmushi kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Daga nan a yi wa abin wanka da auduga da ɗan buroshi, a ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya, a aika wa abokansa na intanet, wasu tsofaffin Turawan Holan da 'yan Brazil masu irin larurarsa, su yi ta yi wa juna barka. Bai yi aure ba sai da ya haura arba'in, kuma dangi har yau suna cewa karatu ne ya riƙe shi.

Akwai wata manhaja da ake kira imuleta, wadda take sa waya ko kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar na'urar, ta yadda duk wasannin da suka cika ɗakin nan za su shige aljihun riga har a bar wa makulli wuri. Kyauta ma ake samunta. Ranar da na kawo masa wannan shawara ya dube ni da tausayi, ya ce ai wannan furar da aka dama da madarar gari ce. Wai sai mutum ya ji faifai yana juyawa, ya ji ɗumin na'urar a tafin hannunsa, ya zauna ya jira ta gama shawara da kanta. Wai jiran ma yana cikin wasan. Wannan fa mutumin da in danja ta daɗe ba ta ba da hannu ba yake fara danna oda ne.

Duk wannan tsiya ce, kuma na yi masa ita son raina. Amma a cikin tarkacen akwai abu guda da ban taɓa yi wa dariya ba.

Kawu Haladu, mahaifin Nasidi, makanikin injin saƙa ne a wata masaƙa da ke Kakuri, zamanin da Kaduna take kwana tana tashi da ƙarar injuna. Akwai Japanawa a masaƙar, cikinsu wani injiniya mai suna Hirano. Shi ba ya jin Hausa, Kawu kuma Turancinsa bai wuce sunayen sifana ba, amma suka shaƙu a ƙarƙashin injuna, wannan ya miƙa hannu wancan ya san abin da zai sa masa. Da Hirano zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Kawu kwamfutarsa, da faifai guda mai ɗauke da wani wasa da shi da kansa ya tsara a lokutan hutunsa.

Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne. Injunan saƙa ne a jere, zare yana tsinkewa nan da can, wani ɗan mutum mai hula yana gudu yana ɗaurewa kafin yadi ya lalace. Sai dai ɗan mutumin yana ɗingishi. Wani ƙarfe ya taɓa faɗo wa Kawu a ƙafar hagu, tun daga nan yake jan ta, kuma Hirano ya zauna ya sa wannan jan ƙafar a cikin wasan: taku ɗaya dogo, ɗaya gajere, da 'yar karkatar kafaɗa. Masaƙar ta rufe, Kawu bai daɗe ba ya rasu. 'Yan hotunansa da suka rage duk a tsaye yake ƙiƙam kamar wanda aka kama da laifi. Wuri ɗaya ya rage a duniya da za a ga Kawu Haladu yana tafiya, shi ne cikin faifan nan. Nasidi ya kunna mini shi shekarar da na zo Doha aiki a sashen magani na wani asibiti. Na shiga ɗakin da tsiyata a baki, na fito ban yi ta ba, domin kawuna na gani yana zuwa, mutumin da yake ɓoye mini ƙuli-ƙuli a aljihun rigar aikinsa.

Kowane mai hankali zai kwafe abin ya ajiye a wurare daban-daban. Nasidi ya gwada ta hanyar da aka saba, abin ya ƙi, saboda Hirano ya tsara faifan da wata dabara tasa, kuma babu wanda ya san inda Hirano yake ko ma yana raye. Abokan nan na Holan suka yi ta roƙonsa ya sayi wata 'yar na'ura da take karanta faifai ko yaya aka tsara shi, a zuba wasan a imuleta kowa ya huta. Ya ce shi ba zai zuba babansa a waya ba, a haɗa shi da hotunan abinci da saƙonnin barka da Juma'a. Haka ya yi ta taurin kai har wata rana a farkon bazarar bara, ya kunna kwamfutar ta yi wani irin tari, faifan ya maƙale a cikinta, ya ƙi juyawa ya ƙi fitowa. A ranar girman kai ya sauka. Ya yi odar na'urar daga waje, ya kuma rantse ba zai kwance kwamfutar ba sai ta iso, don faifan ya fita daga nan ya shiga can bai sha iska ba.

Na'urar ta iso a watan Agusta. Hajiya Tasalla, mahaifiyar Barira, ta riga ta isowa da 'yan kwanaki.

Barira tana da cikin fari, likita ta ce haihuwar za ta iya zuwa da wuri, sai Hajiya ta matso da tafiyarta daga Zariya ba tare da dogon shiri ba. Nasidi yana teku. Ni na ɗauko ta daga filin jirgi, ita da jakunkunanta masu ƙanshin daddawa da busasshen ganye. Da muka isa gida Barira ta ce Mama ta sauka a babban ɗaki. Hajiya ta tsaya da mayafi a kafaɗa ta dube ta sama da ƙasa.

"Ɗakin surukina? A kan gadonsa? Lallai Barira zaman ƙasar waje ya fara cinye miki kunya."

Sai ɗaki na biyu. Muka matsar da kwalaye, muka shimfiɗa katifa tsakanin kabad ɗin kaset da teburin talabijin. Kafin Nasidi ya samu jirgin da zai fito da shi daga teku, Barira ta haifi 'ya mace, wadda aka sa wa Ikhlas, kuma kamar yadda aka saba mai jego ta tattara ta koma wurin uwarta har a yi arba'in. Ya dawo ya tarar da matarsa da 'yarsa da surukarsa duk a cikin ɗakin da ko ni sai na wanke hannu yake bari in shiga.

Wanda bai tashi a gidajenmu ba zai ce to mene ne, ya yi sallama ya shiga ya ɗauki kayansa mana. Nasidi kuwa tarbiyyar tsofaffi ce. Suruki ba ya shiga ɗakin da surukarsa take kwana, ba ya cin abinci a gabanta, ba ya haɗa ido da ita. Gaisuwa daga bakin ƙofa ake yi, a durƙushe, kai a ƙasa. A gida wannan ba wuya, akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙofar baya. A Al-Sadd kuwa, inda in ka yi atishawa a kicin na falo zai ce maka yarhamukallah, sai abin ya koma wasan ɓuya. Da ya ji motsin takalminta sai ya shige banɗaki. Tuwonsa a mota yake ci, a ƙasan bene, mai gadin gidan ɗan Nepal yana kallonsa yana tunanin an kore shi ne.

Hajiya ba muguwa ba ce, kada a fahimce ni a karkace. Mace ce mai aiki, ta zo kula da 'yarta, kuma ta kula da ita kamar yadda aka kula da ita a zamaninta. Abu na farko, ta ɗaga kai ta kalli esin ɗakin ta ce wannan ne yake sa wa mai jego sanyin ƙashi, a kashe shi. A Doha, a watan Agusta, lokacin da in ka fito daga mota tabaranka yake rufewa da raɓa. Na biyu, ta sa aka sayo ƙatuwar tukunya, safe da yamma a tafasa ruwa da ganye a yi wa Barira wankan jego a banɗakin da ke cikin ɗakin, a bar ƙofar a buɗe don tururin ya zauna ya shiga jikin yarinya. Na uku, turaren wuta, mai kyau, haɗin Maiduguri. Da ƙararrawar gobara ta yi mata kuka a rana ta farko, ta ce abin ba shi da tarbiyya.

Sai ta dudduba ɗakin tana neman inda za ta ɗora kaskon turaren, ta ga wani faffaɗan abu a kan tebur daidai tsayin hannu. Ta shimfiɗa masa ɗan kyalle mai ado, ta ɗora kaskonta. Duk yawan kwamfutocin da ke ɗakin ba ta zaɓi kowacce ba sai ta Hirano. Nasidi ya sha yi mini karatu cewa abu uku ne suke kashe faifai, zafi da damshi da hayaƙi. Hajiya ba ta taɓa halartar wannan darasin ba, amma ta haɗa ukun babu kuskure ko ɗaya.

Washegarin suna ya tare ni a matakala, idanunsa sun faɗa.

"Fiddausi, don Allah ki rufa mini asiri. Ki shiga ki ɗauko mini ita. Baƙar da ke kan tebur."

Na ja masa rai kaɗan saboda haƙƙin taubasantaka, sannan na shiga. Ɗakin kamar cikin tukunyar dambu. Hajiya tana zaune a kan katifa tana gasa wa jaririya cibiya, ta yafito ni da hannu, ta rage murya.

"Ke Fiddausi, tsakaninki da Allah, yaron nan aikin nasa lafiya kuwa? Dubi abin da yake fama da su. Jikana na firamare ma wadda yake da ita ta fi waɗannan."

Na ce ai ba aiki yake yi da su ba, tarawa yake yi.

"Tarawa? Kamar 'yan gwangwan?" Ta girgiza kai. "Allah ya buɗa masa. Ba ya dai son a sani ne, mai zurfin ciki ne."

Na lallaɓa wajen teburin na ce bari in ɗan janye wannan daga ƙarƙashin kaskon. Ta ce in bar shi, ba a taɓa kayan namiji ba da saninsa ba, ita ma aro ta yi, kuma ga shi ta rufe masa da kyalle saboda ƙura. Na ce ai shi ya aiko ni. Hajiya ta yi dariya har da riƙe haɓa.

"Shi ya aiko ki? Yaron da ko ido ba ya iya ɗagawa? Na san halinku, taubasai. So kike ki ɗauke ki ɓoye ki wahalar da bawan Allah, ya yi ta nema. Ba a gabana ba. In yana so ai yana da baki."

Na fito hannu biyu. Tun muna yara nake ɓoye masa takalmi da littafi, yau ga ranar da na zo da gaskiya babu mai saye.

Saura Barira. Ya samu ya yi mata magana a kicin wata rana Hajiya tana sallar walaha, ina wurin ina dama kunun kanwa. Barira ta saurare shi har ya gama, tana jingine da firji, fuskarta duk ta kumbura da rashin barci. Ta ce tun da ya dawo, tsakanin Ikhlas da faifan wa ya fi tambaya? Sai ta sassauta, domin ita ma ta san abin da ke cikin faifan.

"In ka ce in ɗauko, zan ɗauko tana banɗaki. Amma ka san Mama. In ta fito ta ga an sauke mata kasko an janye abin a ɓoye, ba za ta ce komai ba. Kayanta za ta haɗa, ta ce a canza mata tikiti, ta je Zariya ta ce an gaji da ita. In kuwa kai ka faɗa mata da bakinka, a take za ta ba ka. Jimla ɗaya ce, Baban Ikhlas."

Jimla ɗaya ce kuwa. Mutumin da yake tsayawa a gaban Turawa da Larabawa ya gaya musu lissafinsu ba daidai ba ne ya kwashe kwanaki yana haddar ta a cikin mota. Ya gwada ta da "dama", ya gwada ta da "in babu damuwa", ya gwada ta da Kawu a ciki, ya ga ba zai iya kawo maganar mamaci a bakin ƙofar mai jego ba, ya cire. Wata Juma'a da hantsi ya sa farar shadda, ya zo bakin ƙofar ya yi sallama ya durƙusa. Ina ciki ina riƙe da Ikhlas, ina kallonsa ta gefen labule. Ya gaishe ta da kwana, da baƙunta, da gajiya, da mai jego, da zafi, da mutanen Zariya, har gaisuwar ta ƙare ya sake ɗauko ta daga farko.

"Injiniya, akwai magana ne?" in ji Hajiya.

Ya ɗan ɗago kai, ba wajenta ba, wajen teburin. Hayaƙin turare yana saukowa ta gefen kyallen yana shiga 'yan ramukan shan iskar kwamfutar a hankali.

"Dama, Hajiya, cewa na yi... ko akwai abin da kuke buƙata."

"Allah ya yi albarka. Gawayin turaren nan ne ya kusa ƙarewa."

Ya tashi ya ɗauki mota ya tafi kasuwa ya sayo gawayi. Mai kyau ya sayo, irin wanda yake daɗewa bai mutu ba.

A ranar na ji haushi, haushi na gaske, ba na wasa ba. Na same shi a ƙasan bene cikin motar, ya kunna esi, ya duƙufa a kan waya. Da na leƙa sai na ga imuleta ce. Ya sauke ta, ya koyi duk lungunanta, ya shirya komai yana jiran ranar da faifan zai fito, kuma kafin nan yana ta shan furar madarar garinsa ba ko yatsina. Ban ma samu sukunin yi masa tsiyar ba. Na ce masa wannan ba kunya ba ce, wauta ce, Hajiya ba dodo ba ce, kuma Kawu da kansa ba zai so a bar shi ya ruɓe saboda kaskon turare ba.

"Baba?" Ya yi ɗan murmushi bai dube ni ba. "Baba ya taɓa faɗawa kwata da ƙafarsa mai ciwo don kada ya yi kiciɓis da surukarsa a lungu. Ina riƙe da hannunsa, tare muka faɗa. Ki bar ni, Fiddausi. Saura kaɗan."

Ba kaɗan ba ne, amma ya wuce. Barira ta yi arba'in ta yi kyau, ta yi ƙiba, Ikhlas ta yi kumatu. Hajiya ta haɗa kayanta, ta naɗe kyallenta, ta goge saman kwamfutar da gefen zaninta don kada a ce ta bar wa mutane datti. Nasidi ya kai ta filin jirgi, tana baya yana gaba, bai kalli madubi ba har suka isa. Ya dawo ya kunna esin ɗakin, ya rufe ƙofa, ya ce a bar ɗakin ya kwana ya bushe.

Da safe ya kira ni, ya ce in zo, ko don in zama shaida. Ya shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ya ɗauko sukudireba. Da ya ɗaga murfin kwamfutar sai ƙanshin Maiduguri ya bugi hancinmu. Komai na ciki ya yi wani danƙo ruwan ƙasa. Ya daɗe yana lallashin ƙarfen da ya riƙe faifan kafin ya sake shi. Ya ja ɗan murfin faifan gefe ya ɗaga shi wajen haske, muka ga wasu ɗigo-ɗigo farare a jikinsa irin fumfunar da take fitowa a burodi. Ya goge da auduga, a hankali, yana riƙe numfashi, sannan ya sa shi a sabuwar na'urar.

Na'urar tana nuna aikinta a kan allo da 'yan murabba'ai, kore in ta karanta, ja in ta kasa. Suka fara fitowa kore, na ji ya sauke ajiyar zuciya. Sai ja ya shigo, ya yi ta zuwa. Ya sake gogewa, ya sake gwadawa, ya sake, har na daina kallon allon na koma kallon bayan wuyansa. A ƙarshe ya tattara abin da ya samu ya zuba a imuleta ya danna.

Wasan ya tashi. Ga injunan saƙa a jere, ga ƙararsu, ga yadi yana fitowa. Zare ya tsinke a injin farko. Nasidi ya danna madannin da yake sa ɗan mutumin gudu, ba wanda ya fito. Ya danna hagu, ya danna dama. Zare ya tsinke a na biyu, da na uku, yadi ya yi ta lalacewa, babu mai zuwa ɗaurewa. Ɓangaren da Kawu yake ciki yana cikin jan da aka kasa karantawa. Sai na ji hawaye yana bin gefen hancina.

Barira ta zo bakin ƙofa da Ikhlas a kafaɗa. Ta kalli allon, ta kalli mijinta, ta gane.

"Turaren ne ko?" in ji ta.

"A'a," in ji shi. "Tsufa ne. Tun a Kaduna ya fara lalacewa."

Ni da na ga faifan nan yana aiki garau a cikin ɗakin nan na buɗe baki, ya dube ni, na rufe. Ana haka wayar Barira ta yi ƙara. Ta duba ta ce Mama ce, ta isa gida lafiya, wai a ba ta Injiniya ta yi masa godiya.

Nasidi ya sauko daga kan kujera ya durƙusa a kan tayil, kai a ƙasa, waya a kunne, faifan a ɗaya hannun. Muna jiyo muryar Hajiya tana cewa ta gaya wa duk mutanen gida, kaf Zariya babu mai suruki irin nata, tun da ta je har ta dawo bai taɓa ɗaga mata ido ba, bai taɓa buɗe baki ya nemi ko allura ba, Allah ya jiƙan wanda ya yi masa tarbiyya. A bayansa injuna suna ta saƙa a kan allo, zare yana ta tsinkewa.

"Amin, Hajiya," in ji shi. "Ba komai. Mu ne da godiya."